Ƙararrawar Biskit

"Ki zaɓa, Lurleen," in ji Baba. "Ko gidan nan, ko mai karnukan tukunya."

Haka yake kiran saurayina Hollis, don shi karnukansa na farautar salwar da za a ci ne, ba na ɗaukar kofi a gasa ba. Mu kuwa nan kudancin Jojiya ta Amurka, a gidanmu da miƙewar jela da nisan gudu ake auna kare. Suruki ma kusan haka. Baba ya fi son Thad, mai dawaki shida da hira guda ɗaya.

Thad ɗin ne ya raɗa masa wai ba ni Hollis ke so ba, jinin Sanata yake nema, zakaran karnukanmu.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Abinci ma sai dai in juya cokali...

Ana haka likita ya hana Baba hawan doki bayan tiyatar ƙugu. Shi kuma, don kada a ce ya tsufa, ya saki Sanata a daji ya bi shi a ƙafa. Karen da aka horar don a bi shi a kan doki! Kafin Baba ya gyara hula kare ya ɓace.

Thad ya yi ta sukuwa yana busa usur, a banza. Zakaran kare in ya gano tsuntsu ya tsaya yana nuna shi, ba ya motsi, ba ya amsa kira, sai mai shi ya zo ya tada tsuntsayen. Ƙwarewarsa ce ta ɓatar da shi.

Da rana ta karkata na kira Hollis. Ya zo da Biskit, guntuwar karyarsa, da ƙararrawa a wuyanta.

"Zumata, kuka kika yi?"

"Ciyawa ce ta shigar min ido."

Muka bi Biskit a hankali, daidai ɗingishin Baba. Ba ta nisa, ƙararrawa na ta kaɗawa cikin ciyawa.

Can sai shiru.

Kare mai tarbiyya in ya hango wani a tsaye, shi ma tsayawa yake daga baya, don girmamawa. Muka nufi inda ƙarar ta yanke. Ga Sanata, ƙafafu na rawa, hanci na nuni. Ga Biskit a bayansa kamar an dasa ta.

Baba ya tada tsuntsayen, ya shafa kan karensa, sannan ya daɗe yana kallon karyar.

"Jelarta a ƙasa take."

"Haka ne, yallaɓai."

"Kuma mummuna ce."

"Ita ma ta sani."

Baba ya dube ni, ya kau da kai.

"Ran Lahadi ka zo cin abinci. Ka zo da ita."

Da bazara aka ɗaura mana aure. Har ya rasu Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Amma ya sayi ƙararrawa.