Ɓarawon da Ya Auna Sau Uku

Da la'asar aka kira Sufeto ɗakin binciken lantarkin rana. Ya zo tare da Kofur ɗinsa, ya tarar da wata ɗaliba, Auta, idonta ya kumbura da kuka.

"Me aka sace?"

"Wani ɗan faranti ne, ranka ya daɗe, bai fi farcen babban yatsa ba. Abin da ke shan haske a jikinsa ya fi gashi siranta, na yi masa ƙananan ramuka don haske ya shiga ya kasa fita. Shekara uku nake kansa. Gobe masu jarrabawa za su auna shi, in babu shi babu digirina."

Sufeto ya duba akwatin da ake ajiye farantin. An rufe shi tsaf, an mayar da hantsaki mazauninsa. Ɓarawo mai ladabi ke nan!

Mai kula da na'urori ya rantse bai motsa ba. Da Sufeto ya tsare shi da ido, sai ya sosa ƙeya.

"To, na fita cin abinci ƙarfe ɗaya."

Na'urar awo kuwa ta nuna an yi awo uku a jere, ƙarfe ɗaya da kwata.

"Wa ke awo sau uku a nan?"

"Dakta Dogo. Bai taɓa yarda da awo ɗaya ba," in ji mai kula da na'urori.

Da aka kira Dakta Dogo, babban mai binciken ɗakin wanda Auta ke ce wa Yaya, sai ya taɓe baki.

"Ina aji lokacin. Kuma wa zai saci wannan? Wai kashi ashirin da ɗaya cikin ɗari na haske yake mayarwa lantarki. Tatsuniya!"

"Ashirin na gaya wa kowa, Yaya," in ji Auta. "Ban taɓa ganin ashirin da ɗaya ba."

"Na'ura ta gani," in ji Sufeto. "Yau, ƙarfe ɗaya da kwata."

Dakta ya zube a kujera, gumi ya karyo masa.

"Shekara takwas ina kan sha biyar. Ni na koya wa yarinyar nan riƙon hantsaki! Na auna ne don in kama ta da ƙarya, sai ga shi ya ma wuce abin da ta faɗa. Wallahi ƙirjina kamar an zuba garwashi."

Ya buɗe gidan tabarau. Farantin na ciki, a naɗe cikin kyalle mai tsabta. Fasa shi ya yi niyya, hannunsa ya ƙi.

Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki farantin. Dakta, wanda Kofur ya riga ya tasa ƙeyarsa zuwa bakin ƙofa, ya juyo a fusace.

"Ke! Da hantsaki!"