Ɗan Baya Ba Ya Wuce Kowa

"Maimaita," in ji Auta, ba ta ko ɗago kai ba. Tana tsugune gaban keken wani, sifana a hannu, baƙin mai har tsintsiyar hannunta.

Malam ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa. Ummansa ta yi waya da safe. Ta amince manya su je nema masa auren Auta, amma da sharaɗi ɗaya: kafin ayarin kekunansu ya shiga garin su Malam jibi, Auta ta sauka daga keke ta shiga mota. Ba za ta tsaya cikin ƙawayenta a nuna mata surukarta tana taka feda a tsakiyar titi ba.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce zan yi miki magana... Rabin raina, kilomita talatin ne kawai. Ki wuce garin a mota, gaba kaɗan ki sake hawa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Da zaginta ya yi da bai kai haka ciwo ba.

Kwanansu goma sha ɗaya ke nan a hanya. Su arba'in ne, matasan masallaci da na coci, sun ɗauri aniyar ratsa ƙasar daga wannan iyaka zuwa waccan cikin kwana ashirin da ɗaya. Duk garin da suka sauka, liman da fasto za su tsaya kafaɗa da kafaɗa su tuna wa mutane cewa ƙasa amana ce, su yi maganar damina da ta rikice da rijiyoyin da suka ƙafe, a dasa bishiya goma, a ƙara gaba. Ranar tashi kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari gaban Allah: ba zai hau abin da ke shan mai ba sai in ciwo ne ya kayar da shi. Mota ɗaya ce tal ke bin su da kaya, ita ma don dole.

Auta ba yawon buɗe ido ta fito ba. Shekara biyu da suka wuce ambaliya ta share shagon gyaran keke na Babanta, inda ta koyi riƙon sifana tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Abu ɗaya suka tono daga cikin laka, tsohon kekensa. Shi take hawa, kuma a kowane gari ita ke ba da labarin wannan ruwa.

Shi kuwa Malam, malamin makaranta ne, kuma shi ne ɗan baya. Aikinsa ya sa riga mai ruwan ɗorawa ya bi bayan kowa. Ɗan baya ba ya wuce kowa. In mutum ya tsaya, shi ma ya tsaya. Mutumin kirki ne, sai dai gaban Ummansa bakinsa kan yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

"Na yi wa Allah alkawari," ta ce. "Kai ma kana wurin, hannunka a sama."

"Ba zan iya rasa ki ba, Auta."

"To kada ka sa in zaɓa."

Kwana biyu ba ta ƙara ce masa komai ba sai gaisuwa. Tana son sa, so irin wanda ke hana mutum haɗiye abinci, kuma fushin da take yi da shi bai rage ko ƙwayar wannan son ba. Wannan ne ya fi ba ta haushi.

Wadda abin ya yi wa daɗi ita ce 'Yar Kawu, 'yar yayan Umma, mai kula da motar kaya da ɗaukar hotuna. Tun suna yara ake tsokanarta da Malam, ita kuma ba ta taɓa ɗaukar tsokanar wasa ba. Duk hoton da Auta ta fito da gumi da baƙin mai, kafin ƙura ta lafa ya isa wayar Umma.

Ranar shiga garin, saura kilomita tara, a kan wata hawa mai tsawo, sarƙar keken Auta ta tsinke. Ayari ya riga ya sha kwana. Gyaran minti biyar ne in akwai kayan aiki, amma akwatin gyara yana cikin mota.

Motar ta tsaya. 'Yar Kawu ta sauke gilashi, ta yi kalar tausayi, ta ce wayyo, ai akwatin yana can ƙarƙashin buhunan kaya, fito da shi sai an sauke komai a gari. Ta buɗe ƙofa, ta ce ga wuri, ga sanyi. Sau uku tana faɗa. Auta tana hango kusurwar akwatin a bayan kujera. Ta naɗe sarƙar ta zuba a jaka, ta kama kan keken, ta fara turawa.

Rana tana tsaka. Kwalta tana huci har ta cikin takalmi. Taku goma a bayanta, Malam yana tura nasa keken da babu abin da ya same shi.

Ya ce ta hau nasa. Ta ce da keken Babanta ta fito, da shi za ta shiga. Ya miƙa mata gorar ruwansa, ta ce tana da tata. Sun ci kilomita huɗu haka kafin ta juyo, idonta jawur.

"Ka wuce. Ummanka tana jira."

"Ɗan baya ba ya wuce kowa."

"Na sani. Rigar ce ta tsayar da kai, ba ni ba."

Malam ya jingine keke a cinyarsa. Ya cire rigar, ya ninke ta a hankali, ya cusa a jaka. Ya ciro waya ya kira Ummansa, Auta tana ji. Ya ce ta gafarce shi, za su shigo a makare, su biyu, a ƙafa, kuma shi ne ya yi kuskure tun farko da ya kawo mata wannan saƙo. Ya kai ƙarshen maganar, ya kashe wayar.

"Yanzu fa?" ya ce. "Babu riga. Mu je, Autata."

Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta. Sauran kilomita biyar ɗin tana tafiya tana kuka, kuma ba ta rage sauri ba.

A can gari kuwa, a filin da ke tsakanin masallaci da makaranta, abin da Umma ba ta sani ba shi ne ayarin yana da wata doka: ba a buɗe taro, ba a shan ruwan maraba, sai na ƙarshe ya iso. Ita ce shugabar matan da suka kawo ruwan. Ta cika kofuna, ta ga mutum talatin da takwas tsaye riƙe da kekunansu, leɓe a bushe, babu wanda ya miƙa hannu. Minti talatin ya wuce. Awa ɗaya ta wuce. Fasto ya ƙi zama, liman ma ya ƙi.

'Yar Kawu ta matso, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce duk wahalar nan yarinyar ce ta jawo, don sau uku tana roƙonta ta shiga mota ta ƙi.

"Sau uku?" in ji Umma.

"Wallahi, Gwaggo."

Umma ta tambayi liman abin da ya hana yarinyar shiga. Ya gaya mata alkawarin, ya gaya mata keken na wane ne. Umma ta juya ta dubi hanya. Mace ce da ta yi shekara bakwai ba ta taka gidan ƙanwarta ba saboda wata rantsuwa da ta yi, don haka ta san nauyin abin.

La'asar ta kusa suka ɓullo. Auta a gaba, hijabinta ya jiƙe sharkaf, tana ɗingishi. Malam a baya, taku goma. Ayari ya dare gida biyu ya ba su hanya. Liman ya ce kofin farko na wadda aka tsaya jira ne.

Umma ta ɗauki kofin da kanta. Ta dubi baƙin man da ke hannun Auta, ta dubi takalmin da ya buɗe baki. Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

"Kin ji saƙona?"

"Na ji, Umma."

"Kika ƙi."

"Ki yi haƙuri. Akwai wanda na riga na yi wa alkawari kafin ke."

Auta ta san ta rasa Malam, kuma ta san da za a mayar da ita kan hawar nan, turawa za ta sake yi.

"Kwana nawa ya rage muku?"

"Takwas."

"Tashi ki sha." Umma ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma, ka kai min ita ƙarshe lafiya. Ranar da kuka dawo kawunanka za su je gidansu. Wadda ta riƙe wa Allah magana a cikin wannan rana, ba za ta saki taka ba."

Auta ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta sha rabi, ta juya, gaban liman da fasto da dukan garin, ta miƙa wa Malam sauran.