Ƙwai Uku a Gindin Sabara

A wani zamani, cikin wata damina ta yunwa, wata mata ta fita tsinkar tafasa tare da 'yarta. A gindin sabara suka tarar da ƙwan zabuwa guda uku.

Matar ta ɗauki na farko, ta ɗaga shi saitin rana, ta leƙa. Cikinsa garau. Ta ce, "Wannan na ci ne."

Ta ɗaga na biyu saitin rana, ta leƙa. Cikinsa baƙi ƙirin. Ta ce, "Wannan baragurbi ne."

Ta ɗaga na uku saitin rana, ta leƙa. Sai ta ga jajayen jijiyoyi, da wani ɗan abu yana motsi. Ta daɗe tana kallo.

Yarinyar ta ce, "Inna, yunwa nake ji. Mu dafa har da shi."

"Akwai rai a ciki, 'yata." Ta mayar da shi gurbinsa. Ƙwai ɗaya suka raba, ba wadda ta ƙoshi.

Bayan wasu kwanaki, yarinyar ta hango zabuwa tana tafe da ɗan tsako guda. Ta ce, "Inna, ga namu can!"

Uwar ta ce, "Ba namu ba ne. Nata ne."