Duwatsun Danne Katako

Ni Arzika, shekara ashirin ina sassaƙa a Kalmalo tun kafin Nasara su shigo ƙasar Sakkwato, kuma katako bai taɓa karkace mini ba. Itacen rimi laushi gare shi. In ka bar shi a rana sai ya lanƙwashe kamar ƙaho. Sai a jera shi a inuwa, a sa tsinke tsakanin kowane biyu, a danne da dutse, a riƙa juyawa.

Da na sare rimin bakin tafki don ƙyauren masallaci, na yi wa aljanun da ke zaune cikinsa sallama kwana uku, yadda aka saba. Amma a gindinsa na ga baƙaƙen duwatsu uku, masu nauyi, sumul. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe. Na kwashe su na danne katakona a tsohon ɗakin da nake shanya.

Ran na bakwai, dab da magariba, matata Shafa'atu ta ce, "Malam, bari sai da sahe mana."

"Juyawa kawai za ni yi," na ce.

Ƙofar ɗakin gajeriya ce, sai an duƙa. Ina shiga na ji ƙaurin hayaki. Ba wanda ya taɓa hura wuta a nan.

Na dafa dutse ɗaya. Zafi rau.

Sai katako ya fara ƙara. Ƙiii. Wanda na jingina a bango ya lanƙwaso a hankali ya toshe ƙofa. Na tura. Ko motsi.

Na biyu ya tanƙwaro ta bayana. Na uku ta kaina. Ɗakin ya matse har gwiwata ta taɓa haɓata. Na nemi Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi.

Wata murya ta tsohuwa ta yi raɗa a kunnena.

"Ɗakinmu na rimi ka roƙa, munka ba ka. Murhu hwa? Wa ya ba ka?"

Can ƙasa-ƙasa na ji kukan yara.

"Kwana bakwai ɗiyana ba su ci dahwahhe ba."

Wallahi kunya ta fi tsoro kama ni. Na ce, "Inna, in maishe."

"Duka ukku. Tahiya guda."

Katakon ƙofa ya ɗaga kamu ɗaya. Na rarrafa na fita, duwatsun a ƙulle cikin rigata bisa gadon bayana, suna ƙuna. A duƙe na tafi har gindin kututturen, na jera su yadda na same su. Hayaki ya taso tsakaninsu. Ban waiga ba.

Katakon ya bushe sambal, ko tsaga babu. Har yau ƙyauren yana masallacin, baƙi suna yaba miƙewarsa.

Ni kuwa Shafa'atu ta gasa mini baya, maɗori ya ja, an danne ni da turmi. Tun daga ranar bayana bai sake miƙewa ba.