Warin Gam a Rigar Yohanna

"Matso nan," in ji Rhoda.

Yohanna ya matso yana murmushi, a zatonsa wata magana mai daɗi za ta raɗa masa. A bakin titin Kakuri suke, ƙarfe biyun rana ta ɗan gota, ma'aikatan masaƙa na ta fitowa daga aikin safe. Ta kama wuyan rigarsa ta shinshina. Nan take ta sake shi.

"Ka koma!"

"Ban koma ba, Rhoda..."

"Ka koma sholisho! Ni za ka yi wa ƙarya? Ni da na ɗauko ka a bayan tashar Makera ba ka ma san sunana ba? Ko a kabari aka sa ni na san wannan warin!"

"Ki rage murya, mutane na kallo."

"Su kalla! Shekara uku nake jiran ka, Yohanna. Shekara uku!"

Ya sunkuyar da kai. "Gobe in kin tashi aiki, ki zo shagon Malam Nuhu. Ki gani da idonki. In kin ga dama daga nan ki rabu da ni."

Ta shiga bas ɗin Trikania ba ta waiwayo ba. Sai da motar ta tashi hawayen suka zubo.

Tare suka taso a coci ɗaya, tare suka shiga masaƙa. Da aka yi sallamar ma'aikata a 1983, sunan Yohanna na cikin jerin farko. Zaman banza ya kai shi bayan tasha, abokan can suka koya masa shaƙar sholisho a tsumma. Sai da ya yi wata shida a asibiti kafin ya dawo mutum.

Mahaifin Rhoda, Baba Matthew, tsohon akawu ne kuma dattijo a ikilisiya. Shi ya kafa kwamitin da ke raba irin su Yohanna ga masu sana'a a gari. Yohanna aka kai shi wurin Malam Nuhu, mai ɗinkin takalmi a Makera. Dattawan sun yi imani cewa muddin hannun yaro na aiki, an gama da matsalarsa. Wane aiki ne, a wane ɗaki, da me ake yin sa, wannan ba su ɗauke shi abin tambaya ba.

Sharaɗin Baba Matthew ɗaya ne. Yohanna ya yi shekara biyu cur a inda aka kai shi, ya kawo takardar yayewa, sannan a yi maganar aure. In ya bar wurin ko da saura kwana ɗaya, magana ta mutu.

Washegari Rhoda ta je Makera. Shagon ɗan ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya ita ma an toshe ta da kwalayen takalma. Tun daga bakin ƙofa warin ya buge ta.

Can ƙuryar ta hango Yohanna a kan benci. Gwangwanin gam a buɗe tsakanin ƙafafunsa, burushi a hannu, yana shafa wa tafin takalma ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure hancinsa da hankici. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa.

Ta fito da shi waje.

"Wannan ne aikinka?"

"Sabon shiga shi ke shafa gam. Haka tsarin yake."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Kuma ba ka..."

"Ko sau ɗaya. Na rantse da Allahn da muke bauta wa. Amma Rhoda, ba zan ɓoye miki ba... akwai ranakun da nake jin kamar in tura fuskata cikin gwangwanin nan in huta. Sai in fita in zaga bayan shago in kira sunanki."

Ta toshe bakinta da gefen ɗankwali.

"Malam bai san abin da ya same ka ba?"

"Takardar da Baba ya rubuto masa cewa ta yi na yi fama da rashin lafiya. Sun rufa mini asiri."

"Rufin asiri! Me ya hana ka faɗa wa Baba?"

"In ce me? A canza mini wuri? Cewa zai yi ragwanci ne, ɗan shaye-shaye ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ke nan na rasa ki. Saura wata goma sha bakwai, masoyiyata. Zan daure."

"Ba za ka daure ba," ta ce a hankali. "Ba don kai rago ne ba. Babu wanda zai iya."

Da yamma ta sami mahaifinta a tsakar gida yana sauraron rediyo. Ta durƙusa.

"Baba, gam ɗin da ake aiki da shi a shagon Malam Nuhu, shi ne abin da Yohanna ya sha fama da shi."

"Wa ya ce miki? Sholisho na masu facin taya ne. Ni na zaɓa masa ɗinkin takalmi da kaina, sana'a mai tsabta."

"Abu ɗaya ne, Baba. Warin..."

"Rhoda! Ya fara kawo dalilai ke nan, ya aiko ki. Na san irin su. Yau wari, gobe ciwon baya. Na faɗi maganata, shekara biyu."

Ya ƙara muryar rediyo.

Rhoda ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba, ba kuma ranar za ta fara ba. Amma ta san shi sarai. Mutum ne da ba ya yarda da abin da aka gaya masa, sai abin da ya gano da kansa. Ranar Juma'a ta ɗauki baƙin takalminsa na zuwa coci, ta sa wuƙa ta ɗan taimaka wa tafin da dama ya fara ɗagawa.

"Kash, Baba! Ga jibi kai ne mai karatun Littafi. Mu kai wa Malam Nuhu gobe, ka ga yadda yaronka ke aiki."

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Malam Nuhu ya tarbe su da murna.

"Dattijo da kansa! Bismilla, ga kujera a inuwa."

"A'a Malam, ciki zai zauna," in ji Rhoda. "Yana son ya ga hannun Yohanna."

Aka ajiye masa kujera dab da bencin. Yohanna ya gaishe shi, ya buɗe gwangwani, ya fara aiki. Rhoda ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon agogon hannunta.

Da farko Baba Matthew na ta yi wa Malam Nuhu bayanin nasarorin kwamiti. Can ya cire hula ya yi fifita da ita. Can kuma ya maimaita labarin da ya riga ya bayar. Sai ga dattijon da ko a bikin Kirsimeti ba a ganin haƙorinsa yana dariya shi kaɗai, wai takalman da ke rataye sun yi masa kama da kifin Binuwai.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Yohanna ne ya tare shi, ya fito da shi gindin dalbejiya. Malam Nuhu ya kawo ruwa a kofi.

"Kaina... me ke cikin gwangwanin nan?"

"Gam ne, Dattijo," in ji Malam Nuhu. "Mu mun saba. Ai ɓoye shi nake yi saboda 'yan sholisho, in suka samu har sata suke."

Baba Matthew ya ɗago kai.

"'Yan me ka ce?"

"Malam," in ji Yohanna, "ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Ciwon da aka rubuta maka ke nan."

Malam Nuhu ya dafe kai. "Innalillahi! Dattijo, me ya sa ba ku gaya mini ba? Ni da hannuna nake miƙa masa gwangwanin kullum safiya! Da na sani ai yanka fata da ɗinkin hannu zan sa shi, a nan waje. Wannan rufin asiri naku ya kusa kashe yaron mutane!"

Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Baba Matthew murya a gaban 'yarsa. Ya shanye ruwan, ya juya ga Rhoda.

"Minti nawa na yi a ciki?"

"Arba'in, Baba."

Ya juya ga Yohanna. "Kai fa?"

"Wata bakwai da kwana tara."

"Ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Don me ba ka zo ka same ni ba?"

Yohanna ya dubi Rhoda, ya sunkuyar da kai. Amsar ke nan, kuma tsohon ya gane.

Ya ciro hankicinsa ya goge ido, wai gam ɗin ne ke sa shi hawaye. Babu wanda ya ƙaryata shi.

"Malam Nuhu, ka yafe mini. Ka dawo da shi waje, ya gama koyon sana'arsa yadda ya kamata. Sauran yaran da muka raba a gari, ranar Litinin zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in shiga in zauna." Ya numfasa. "Kai kuma Yohanna, ba sai na jira wata takarda ba. Ka gaya wa kawunka ya zo ya same ni bayan sujadar coci."

"Baba!" Rhoda ta zube a gabansa tana kuka. "Baba, na gode... ka gafarta mini, ni na yanka takalminka."

"Na sani," in ji shi. "Shekara talatin ina sa takalmi, ban taɓa ganin tafin da ya ɓalle a miƙe haka ba. Tashi, mutane na kallo."

A watan Afrilu aka ɗaura auren a coci. Malam Nuhu ya rufe shago ya zo, ya zauna a benci na biyu tare da dangin ango.