Man Shanu a Cikin Kuloci

"Kada ka kira sunana da wannan bakin," in ji Ruƙayyatu.

Tana tsaye a zauren gidansu bayan la'asar, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Mukhtari, saurayin da aka yi musu baiko, yana durƙushe a bakin ƙofa, hannuwansa baƙi ƙirin da maiƙo.

A wancan zamani mulkin Nasara bai tsufa ba, mota kuwa abin kallo ce a Illela. Malam Dabo, mahaifin Mukhtari, falke ne, ya sayi wata tsohuwar mota a hannun wani Bafaranshe a Ƙonni, ɗansa yake tuƙa ta. Lafiya lau take tafiya har ranar da aka ɗauki Ruƙayyatu da ƙawayenta zuwa biki a Araba. Mukhtari yana ɗaga ƙafa daga kuloci sai motar ta hau kakkarwa kamar mai masassara, haƙoran 'yan mata suna haɗuwa. Tun daga ranar haka take yi duk sa'ad da za ta tashi.

Tasalla, 'yar kawun Mukhtari, wadda ta daɗe tana sonsa, ita ta fara furta kalmar a bakin rijiya. Ta ce Ruƙayyatu farar ƙafa gare ta, irin macen da in ta taka dukiyar namiji sai ta lalace. Magana ta isa kunnen Inna Hadijatu, uwar Mukhtari, ta sa aka ɗage ɗaurin aure. Mukhtari kuwa bai kare ta ba, bai kuma leƙo zauren nan ba sai yau.

"Ruƙayya, sanyin idona, ki saurare ni... na gano ciwon motar."

Ya ci gaba da bayani. Ya ce ya lura in ta kama hanya sumul take tafiya, a tashi kaɗai take jijjiga, a giyar baya ma ta fi tsananta. Ya duba ƙusoshin da suka riƙe inji, daram suke. Sai ya buɗe ɗan murfin da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ƙauri ya bugi hancinsa. Faifan kuloci, wanda dole ya zauna a bushe, ya jiƙe sharkaf da man shanu, yana kamawa yana sulluɓewa.

Ta tambaye shi wanda ya zuba. Ya sunkuyar da kai. Inna ce, da safiyar ranar bikin. Ta kwaɓa maganin baki da man shanu, ta ɗura a duk ramin da ta gani a jikin motar, don kada idon mahassada ya kama ta.

Ruƙayyatu ta yi dariyar da babu daɗi a cikinta.

"To, mi kake jira? Gobe Lahadi, kasuwa ta cika. Ka buɗe murhin gaban jama'a, kowa shi shaƙa."

Ya ce ba zai iya tozarta mahaifiyarsa a tsakiyar kasuwa ba. Zai wanke faifan da kananzir a ɓoye, in mota ta warke magana ta mutu da kanta, a ɗaura aure.

Ta fusata. Ta ce masa ko dai wauta ce ke damunsa ko ita ya mayar wawuya. An raba ta da motar, an ɗage aurenta, in kuma aka wayi gari mota ta warke babu wanda ya san dalili, me mutanen gari za su ce? Cewa za su yi mai farar ƙafa ta ja da baya, dukiya ta huta.

"Ka ruhe asirin Inna, ban hana ka ba. Ni ɗiyar wa ce da ba ni da asiri?"

Ya roƙe ta da Allah da Annabi. Ta ce ba kasuwa ba ma, ya tara mahaifinta da nasa da liman a zaure ɗaya ya nuna musu kafin ya wanke, ta yarda. Ya ce zai yi tunani.

Washegari da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ƙugin motar a ƙofar gidan Malam Dabo. Ta tsayar da rariya tana sauraro. Motar ta tashi lumui, ko gezau ba ta yi ba. Daga bayan katanga ta ji guɗar Tasalla.

Ta kakkaɓe hannunta ta shiga ɗaki. Ta haɗa turamen zane da turare da duk abin da aka kawo na baiko, ta ɗaure a ƙunshi ɗaya, ta kai gaban mahaifinta ta faɗa masa komai. Tsohon ya aika a mayar wa su Mukhtari.

Da yamma Mukhtari ya zo a guje, idanunsa jawur. Ya rantse yana sonta, ya ce yanzu a shirye yake ya faɗa wa duniya gaskiya.

Ba ta fito zaure ba. Daga bayan asabari ta amsa masa.

"Ka wanke shaidata da kananzir, Mukhtari. Mi ya rage da za ka gwada musu?"