Jajayen Kujerun da Auta Ya Saka wa Motar Baba

Gab da magariba Auta ya fito da motar daga gida, wai zai ɗan zagaya ya ji yadda sababbin kujerun suka zauna. Washegari ne zai ɗauki Inna a ciki, karon farko tun rasuwar mahaifinsa, kuma ba ya son ko noti ɗaya ya yi ƙara.

Motar ta marigayin ce, ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Bayan rasuwar, yayyensa suka ce a kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su kwashe ta, a huta da ganin tsatsa a ƙofar gida. Auta ya yi tsalle ya dire. Ya roƙi Inna, ya rantse zai mayar da ita yadda duk wanda ya gani sai ya waiwaya. Inna ta sa baki aka bar masa, da sharaɗin in ya kasa, motar ta tafi.

Auta na son mota kamar ransa, sai dai son nasa na ido ne. Ya yi mata fenti, ya sa rim masu walƙiya, ya sauya salansa har ta koma tana ruri tana firgita kajin maƙwabta. Baffa, ƙanen mahaifinsa, wanda ya tsufa yana kanikanci, ya zagaya ta sau ɗaya ya yi tsaki.

"Auta, tsohuwar mota daga ƙasa ake fara ta. Birki tukuna, sannan taya, sannan inji. Kwalliya ita ce ƙarshe. Wannan birkin naka ko keke ba zai tsayar ba."

"To, Baffa. Zan duba."

Bai duba ba. Maimakon haka sai ya tafi filin da ake jibge motocin da suka yi haɗari, ya samo kujeru biyu na fata, jajaye, masu ɗinki kamar na jakar mata. Motar da aka ciro su daga cikinta ta lanƙwashe ba ta ganuwa, amma kujerun ko ƙwarzane babu. Mai sayarwa ya goge su da mai, suna sheƙi.

Da Baffa ya gan su, bai taɓa ba. Ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago fuska a yamutse.

"Kujerar haɗari ba a saka ta haka. Farke fatar ake yi, a cire soson a ƙona, ƙarfen kaɗai ake ɗauka. Fata gogewa ake yi, amma soso shanyewa yake. Kuma abin da ya sha ɗin, akwai masu bin sa. Aljanu ba sa ƙyamar abin da muke ƙyama."

Auta ya dubi ɗinkin nan mai kyau, ya ji ba zai iya sa masa reza ba. A ransa ya ce tsofaffi dai ba sa rabuwa da camfi. Ya ɗaure kujerun da hannunsa, ya watsar da tsofaffin a bola.

Yanzu ga shi a kan hanyar bayan masana'antu, inda ba kowa bayan an tashi aiki. Katangu dogaye dama da hagu. Rana ta faɗi, sauran ja kaɗan a sama. Inji na tafiya lafiya, Auta na murmushi shi kaɗai.

Wari ya fara ji.

Da farko ya ɗauka daga kwata ne, ya ɗage gilashi. Warin ya ƙaru. Ashe daga ciki yake. Irin na naman da aka manta a leda cikin zafi, da ƙarni a ƙarƙashinsa, mai kama maƙogwaro.

Kujerar ta yi ɗumi. Ba ɗumin zama ba, ɗumin jikin da bai daɗe da tashi daga wurin ba. Sannan ya ji danshi yana ratsa wandonsa. Ya sa hannu ƙarƙashin cinyarsa, ya ɗago. Yatsunsa sun yi yauƙi, baƙi-baƙi, suna manne wa juna.

Ƙuda ɗaya ya sauka a kan sitiyari. Wani ya biyo shi. Kore, manya, masu ƙiba. Ta bakin ɗinkin kujerar suke fitowa.

Kujerar gefensa ta yi ƙara, ta lotsa a hankali, kamar an zauna.

Babu kowa a kai.

Sai sautin tsotsa. Cap, cap, cap. Irin na kare in ya sa baki a kwano. Fatar kujerar tana shiga tana fitowa, ana zuƙar ta daga sama. Tsakanin zuƙa da zuƙa akwai nishi na mai jin daɗin abin da yake ci.

Auta ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ta ɗan rage, ta ci gaba da gangarawa.

Tsotsar ta tsaya.

Numfashi ya sauka a kunnensa, mai zafi, mai warin ruɓa. Muryar ƙasa-ƙasa ce, ta fito a jiƙe, kamar bakin cike yake.

"Matsa."

Ya kasa ko juya wuya.

"Matsa, yaro. Ka zauna mini a kan mai yawan."

Wani abu ya shiga tsakanin bayansa da kujera. Mai faɗi, mai kaushi, mai laima. Ya taso daga ƙugu, ya bi ƙashin baya a hankali har wuya, ya tsaya nan yana ɗanɗanawa.

Harshe ne.

Amai ya ƙwace masa, ya wanke sitiyari. Ya lalubi maɓallin bel ɗin kujera, yatsunsa na zamewa. Ya danna, ya ƙi. Ya sake dannawa. Sunan Allah ya fito daga bakinsa a kakkarye, tare da ragowar aman.

Bel ya saki.

Ya banke ƙofa ya faɗa waje. Kwalta ta kwashe masa fatar gwiwa da kafaɗa. Motar ta gangara ita kaɗai, ta jingina da katanga, inji ya mutu.

Daga inda yake kwance yana jin sautin. Cap, cap, cap. Yanzu daga kujerar direba.

Da ƙafa ya isa gidan Baffa, takalmi ɗaya. Baffa bai ce masa na gaya maka ba. Ya toshe hanci, ya nuna masa banɗaki, ya ce a ƙona kayan jikinsa.

Da safe suka janyo motar zuwa garejin Baffa. Baffa ya ɗaure hanci da tsumma, ya sa reza ya tsarga jar fatar. Soson ciki baƙi ne ƙirin, yana tsattsafo da ruwa, tsutsotsi na nutso a cikinsa. Akwai gashin mutum a cukurkuɗe, da wani farin abu da Baffa ya ture da sifana bai bari Auta ya duba ba. A tsakiyar soson akwai ramuka, an cinye shi loma-loma.

Suka ƙona kujerun. Suka cire kafet, suka wanke ƙarfen ƙasan da fetur da ruwan zafi, suka kankare shi. Warin bai tafi ba. Ruwan soson ya riga ya bi ramukan noti ya shiga cikin tsatsa. Kullum magariba ta yi sai ƙudajen su dawo su rufe gilashi daga ciki. Masu aiki a garejin suka daina cin abinci a wurin, har Baffa ya ce a fitar masa da ita.

Auta kansa ya daina cin nama. Ba ya jingina da kujera, ko a gida, kullum a bakin-baki yake zama. In an taɓa masa baya sai tsigar jikinsa ta tashi.

Shi da bakinsa ya kira 'yan gwangwan. Inna ta ce a biyo da motar ta ƙofar gida kafin a wuce da ita. Janwen da ke jan ta ya tsaya, fentin nan na sheƙi, rim na walƙiya, yara na taruwa suna ja da baya saboda ɗoyi. Inna ta fito, ta nufi ƙofar gaba, gefen da ta saba zama kusa da mijinta. Ta miƙa hannu za ta dafa, warin ya tare ta, ta tsaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Auta ya ɗauka warin take karewa. Sai da janwe ya ja, ya ga kafaɗunta suna rawa, ya gane kuka take yi.